Wane mataki zan saka wa rijistar rauta don imel ya daina cika, kuma kada matsala ta wuce ni?

Mai tambayar yana kula da rauta ɗaya (na'urar da ke haɗa ofis da intanet) da suwic guda kaɗan (masu haɗa kwamfutocin ofis da juna) na Cisco, da wata na'urar MikroTik a reshen ofishinsu. Ya saita su suna tura saƙonnin rijista, wato bayanan abin da ke faruwa a cikinsu, zuwa saba, ita kuma sabar tana aiko masa da imel. Da farko ya bar komai a mataki na 7 cikin matakan tsananin saƙo, kafin gari ya waye akwatin imel ɗinsa ya cika makil. Sai ya dawo da shi mataki na 2, ya samu lafiya. Amma ranar da layin intanet ɗinsu ya yanke, ko saƙo ɗaya bai iso masa ba, sai da ma'aikata suka yi ta kiran wayarsa. Yana so a faɗa masa matakin da ya dace tsakanin 2 da 7.

Malam, matakin da kake nema babu shi, don kuwa aiki biyu ka ɗora wa lamba ɗaya. Abin da ya kamata a adana daban, abin da ya cancanci a tashe ka daga barci a kansa daban. Na farko ana buɗe masa ƙofa sosai, na biyu ana tsince shi da hannu, saƙo-saƙo, da sunansa. Duk lambar da ka zaɓa don ta yi duka biyun, ko ta ambaliye ka ko ta bar ka cikin duhu, kuma ka riga ka ɗanɗana kowanne.

Matakan takwas ne, daga 0 zuwa 7, kuma a juye suke: ƙaramar lamba ita ce babbar matsala. A Cisco sunayen da za ka rubuta su ne emergencies na 0, wato na'urar ba ta amfanuwa. Alerts na 1, a ɗauki mataki nan take. Critical na 2. Errors na 3. Warnings na 4. Notifications na 5, abin da ba matsala ba ne amma ya kamata a sani. Informational na 6. Sai debugging na 7, na bin diddigi. Kuma zaɓin tarawa yake yi. In ka ce 4, ka ce a ba ka 0 da 1 da 2 da 3 da 4 ne gaba ɗaya, a watsar da 5 zuwa 7.

Tsarin nan na sislog, wato hanyar rubutawa da tura saƙonnin rijista, Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 don manhajar imel ta Sendmail, sauran na'urori suka ara. An rubuta yadda ake amfani da shi a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 3164 a shekarar 2001, sannan RFC 5424 ta 2009 ta daidaita shi. Abin lura a nan shi ne takardun sun ba kowane mataki suna da ɗan bayani na layi ɗaya, amma ba su ce ga abin da zai shiga mataki kaza ba. Wanda ya rubuta manhajar na'urar shi ke yanke wannan hukunci, kuma ita kanta takardar 2009 ta yi gargaɗi kada mai karɓar saƙo ya ɗauka duk na'urori ma'ana ɗaya suke ba matakan. Shi mai rubuta manhajar, lafiyar na'urar yake dubawa. Bai san wane kebul ne ke ɗauke da intanet ɗin ofishinku ba, bai kuma san wanne ne aka jona wa firinta ba.

Dubi yadda hakan ya kasance a wurinka. Kowane saƙon Cisco yana ɗauke da matakinsa a tsakiyar sunansa. Idan fot, wato kafar da ake jona kebul, ya faɗi, saƙon shi ne %LINK-3-UPDOWN, mataki na 3, sai %LINEPROTO-5-UPDOWN ya rako shi a mataki na 5. Idan zumuncin BGP (tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi) da kamfanin da ke ba ku intanet ya katse, %BGP-5-ADJCHANGE ne, na 5. Na OSPF, takwaransa na cikin gida, ma haka, %OSPF-5-ADJCHG. Idan wani ya shiga ya taɓa saitin na'urar, %SYS-5-CONFIG_I, na 5. Ko rautar ma ta mutu ta sake tashi, %SYS-5-RESTART za ta ce, na 5. Da ka tsaya a 2, duk waɗannan ka rufe musu baki. Kusan duk abin da ke sa ma'aikata su kira ka yana zaune ne a 3 da 5.

Kada kuma ka ce to a koma 3 a huta. Wannan %LINK-3-UPDOWN ɗin shi ne dai suwic zai turo duk lokacin da ma'aikaci ya kunna kwamfutarsa da safe ko ya kashe ta da yamma, saboda saƙon iri ɗaya ne ko fot ya tashi ko ya faɗi, ko na firinta ne ko na babban layi. Suwic mai fot 48 zai iya aiko maka da saƙon mataki na 3 kusan ɗari a yini ba tare da komai ya lalace ba. Ina kyautata zaton yawancin abin da ya cika maka imel daga nan ya fito, tare da saƙonnin mataki na 6 irin su %SEC-6-IPACCESSLOGP in kana da dokokin tace zirga-zirga masu kalmar log a ƙarshensu. Mataki na 7 da ka ɗora wa laifi da wuya ya ba da gudummawa, domin ba ya fitar da komai sai an kunna umarnin debug da hannu.

Na'urarka ta MikroTik ta ƙara fito da abin fili. A can faɗuwar fot tana fitowa ne ƙarƙashin interface da info, wato labari ne kawai. Amma mutum ya yi kuskuren kalmar sirri sau ɗaya wajen shiga, saƙon zai fito da system da error da critical. Faɗuwar fot abu guda ce, amma Cisco ta kira ta kuskure na mataki na 3, MikroTik ta kira ta labari. Dokar faɗakarwa da aka gina a kan lamba kaɗai ba za ta taɓa daidaita waɗannan biyun ba.

To, ga yadda nake tsara abin. Na'urar Cisco tana da wurare da dama da take zuba saƙo, kowanne da nasa matakin, kuma ba dole su zama ɗaya ba.

Konsol, wato fot ɗin da ake jona kebul kai tsaye, yana zuwa daga kamfani a mataki na 7, kuma wannan shi ne saitin da na fi ƙi. Gudun konsol bit 9600 ne a daƙiƙa, wajen haruffa 960 a daƙiƙa, abin da bai kai layi goma na saƙo ba. Ranar da netwok ya rikice saƙonni suka yi ta kwarara, na'urar za ta ɓata ƙarfin firosesarta wajen tura su ta wannan ƙaramar kafa ko da babu kowa a zaune a gabanta, kai kuma in ka jona don gyara ba za ka iya ganin abin da kake rubutawa ba. Ka sauke shi zuwa critical. Wasu ma kashe shi suke yi ɗungurungum, ban ga laifinsu ba.

Ma'ajiyar cikin na'ura, wadda show logging ke nunawa, tana cikin memori, in ta cika sabon saƙo ya ture tsoho, in na'urar ta sake tashi komai ya goge. A rautoci da yawa girmanta na asali bayit 4096 ne, layi arba'in ko makamancin haka, wanda rikici ɗaya zai share cikin minti guda. Ka faɗaɗa ta, ka bar ta a 7, domin nan ne wurin da ya dace sakamakon debug ya sauka.

Saba kuwa ka ba ta mataki na 6. Shi ne ma na asali a Cisco. In dole ta sa ka rage, kada ka gaza 5. Saitin zai yi kama da haka:

logging console critical
logging buffered 128000 debugging
logging trap informational
logging host 192.0.2.10
logging source-interface Loopback0
service timestamps log datetime msec show-timezone
service sequence-numbers

Adireshin 192.0.2.10 na misali ne, ka sa na sabarka. Kalmar trap a layi na uku tana rikita mutane, ba ta da alaƙa da SNMP (wani tsarin sa ido kan na'urori daban), matakin abin da za a tura wa sabar sislog ne kawai. Layin source-interface yana sa duk saƙon rautar ya iso da adireshi ɗaya ko ta wace hanya ya bi. In babu shi, rauta mai hanyoyi biyu za ta bayyana a sabarka kamar na'urori biyu.

Layuka biyun ƙarshe su ne aka fi rainawa. Rijistar da agogonta ba daidai ba, ranar bincike ba za ta amfane ka ba, don ba za ka iya cewa suwic ne ya fara faɗuwa ko rauta ba. Ka haɗa duk na'urorin da NTP, tsarin daidaita agogo ta netwok, ka kuma sa su a kan lokaci ɗaya. Ni na fi son UTC, lokacin duniya na bai ɗaya, ko'ina, musamman in akwai reshe a wani yankin lokaci. Cisco tana ba ka alama: in ka ga tauraro a gaban lokacin saƙo, agogon bai taɓa daidaituwa da majiya mai inganci ba, in ɗigo ne, ya taɓa daidaituwa amma yanzu ya rabu da ita. Lambar jeri kuma amfaninta shi ne sislog na asali yana tafiya ta hanyar aikawa da ake kira UDP a fot 514 (nan fot lamba ce, ba kafar kebul ba), ba a amsa cewa an karɓa. Saƙo zai iya ɓacewa a hanya babu wanda ya sani, kuma lokacin da layi ya cunkushe, wato lokacin da ka fi buƙatarsa, shi ne lokacin da ya fi ɓacewa. Giɓi a lambobin jeri zai iya nuna maka an yi asara, sai dai ka tuna saƙonnin da matakinka ya tace su ma suna barin giɓi.

Akwai TCP mai tabbatar da isar saƙo, akwai kuma TLS a fot 6514 mai ɓoye abin da ke ciki. In saƙonnin reshe za su ratsa intanet kafin su iso, kada su tafi tsirara ta UDP. Ko su bi ta cikin VPN ko a sa TLS, don rijista tana ɗauke da sunayen masu shiga da adireshin na'urorin ciki. Gargaɗi ɗaya ga mai katangar tsaro ta Cisco ASA: in ka sa ta tura sislog ta TCP sabar kuma ta mutu, ASA tana daina barin sababbin haɗi su wuce har sai sabar ta dawo, sai fa in ka sa logging permit-hostdown. An yi hakan da gangan don wuraren da doka ta ce kada komai ya wuce ba a rubuta ba, amma ya sha jefa ofisoshi cikin duhu saboda faifan saba ya cika.

Tunda an ambaci katangar tsaro, ita ce wurin da shawarar mataki na 6 ke buƙatar lura. A ASA, kowane haɗin TCP da aka buɗe yana haifar da saƙo mai lamba 302013, rufe shi kuma 302014, duka a mataki na 6. A ofis mai mutane da yawa wannan tuli ne na gaske. In kana da faifai, ka ajiye su, domin ranar da ake binciken kutse su ne za su nuna wace kwamfuta ta yi magana da wa. In babu, ka kashe waɗannan lambobin su kaɗai da no logging message, maimakon ka sauke matakin gaba ɗaya ka rasa sauran abin da ke 5 da 6.

MikroTik ba ta bin tsarin tarawa, kuma nan ne wanda ya saba da Cisco ke tuntuɓe. A RouterOS, manhajar MikroTik, critical da error da warning da info batutuwa ne masu zaman kansu. In ka kafa doka a kan warning, warning kaɗai za ka samu, error ba zai biyo ba. Shi ya sa take zuwa da dokoki huɗu daban-daban tun daga kamfani. In kuma ka haɗa biyu a doka ɗaya, misali topics=error,warning, ma'anarsa saƙon da ke ɗauke da duka biyun a lokaci guda, kusan babu irinsa, sai ka ga shiru ka ɗauka lafiya. Don haka ka saita adireshin sabar a action mai suna remote, sannan ka kafa doka huɗu, kowace da batu ɗaya: info, warning, error, critical. Ma'ajiyarta ta memori layi 1000 take riƙewa, ita ma tana gogewa in an sake kunna na'urar.

Batun facility, wato rukunin da saƙo ya fito daga ciki, ba zan daɗe a kansa ba. Kowane saƙo yana fita da lamba a gaba cikin alamun < da >, wadda ake samu ta ninka lambar facility sau 8 a tara da mataki. Rautocin Cisco suna amfani da local7, lambarsa 23, saboda haka <187> na nufin 23 sau 8, 184, a ƙara 3: saƙon mataki na 3 ne. ASA kuma local4 take zuwa da shi, wato 20. Amfaninsa shi ne raba fayiloli a saba, rautoci nan, katangar tsaro can. Kada ka haɗa shi da kalmar LINK ko SYS da ke farkon sunan saƙo, wadda Cisco ita ma take kira facility. Abu biyu ne masu suna ɗaya.

Yanzu faɗakarwa, wadda ita ce ainihin damuwarka. A saba ake gina ta, ba a na'ura ba, domin saba ce ke ganin saƙonnin kowa, ita ce kuma ke iya ƙirgawa da jira. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: in wannan saƙon ya zo ƙarfe biyun dare, akwai abin da zan tashi in yi a kai? In babu, ba faɗakarwa ba ne, ya zauna a rijista. Mai gadin da ke buga ƙararrawa duk sanda kyanwa ta gifta, ranar da ɓarawo ya zo babu wanda zai leƙo. Haka imel ɗari biyu a yini ke yi wa mutum. Cikin mako guda zai ƙirƙiri dokar da ke tura su wani akwati da ba ya buɗewa.

Matakai 0 da 1 da 2 za ka iya barinsu su wuce kai tsaye bisa lamba, don ba su cika zuwa ba, kuma in sun zo da dalili: %SYS-2-MALLOCFAIL, alal misali, yana nufin memori ya ƙare wa na'urar. Ko a nan ma ka sa ido, saboda %PORT_SECURITY-2-PSECURE_VIOLATION mataki na 2 ne, kuma abin da ke jawo shi sau da yawa bai wuce wani ya cire kebul ɗin kwamfutar ofis ya jona tasa ba. Wannan aikin safe ne.

Daga 3 zuwa 7, da suna za ka zaɓa. %LINK-3-UPDOWN, amma a kan fot-fot ɗin da ka lissafa kawai: layin intanet, kebul ɗin da ke haɗa suwic da suwic, da na manyan sabobi. Sauyin maƙwabtaka na BGP da OSPF. Sake tashin na'ura. %PM-4-ERR_DISABLE, wanda ke nufin suwic ya rufe fot da kansa. %SW_MATM-4-MACFLAP_NOTIF kuma da sharaɗi: guda ɗaya ko biyu ba komai ba ne, wayar da ke yawo tsakanin na'urorin Wi-Fi ma tana iya jawo shi, amma gommai cikin minti ɗaya alama ce ta an yi zobe da kebul, kuma netwok ɗin na gab da tsayawa cik. Gazawar shiga ma da ƙirge ake kama ta. Sau ɗaya yatsa ne ya zame; sau goma cikin minti biyar daga adireshi ɗaya, wani ne ke gwada makullai. A IOS, manhajar na'urorin Cisco, wannan saƙon ba ya fitowa sai ka sa login on-failure log, sannan za ka ga %SEC_LOGIN-4-LOGIN_FAILED. Shi kuma %SYS-5-CONFIG_I, da rana ya shiga rahoton yini, da tsakar dare ko ranar hutu ya zama faɗakarwa.

Hayaniyar fot-fot ɗin ma'aikata kuwa gara a kashe ta tun daga tushe. A ƙarƙashin kowane fot da kwamfuta ko firinta ke kai, ka sa no logging event link-status. Sannan ka duba akasin haka a manyan layukan, domin wasu manyan suwic na Catalyst suna zuwa da wannan saƙon a kashe, sai ka kunna shi da kanka a fot-fot masu muhimmanci. Akwai masu barin saƙonnin fot ɗin ma'aikata su isa saba don sanin lokacin da aka jona wani abu a wani wuri. Hujja ce mai kyau in faifai ya wadata, muddin dai ba su kai ga imel ba.

Ka kuma koya wa sabar haƙuri. Layin da ya faɗi ya tashi cikin daƙiƙa goma bai kai a kira ka ba. A jira minti ɗaya ko biyu, in bai dawo ba sannan a sanar. Layin da ke faɗuwa yana tashi sau talatin cikin awa ɗaya matsala ɗaya ce, saƙo ɗaya ya ishe ta, tare da adadin. Duk faɗakarwar faɗuwa kuma ta kasance da ta dawowa, don kada ka kama hanyar ofis alhali abu ya gyaru tun tuni. A na'ura akwai logging rate-limit da ke taƙaita yawan saƙo a daƙiƙa, ana iya keɓe errors da abin da ya fi shi tsanani. Yana kare firosesa, amma ka sani abin da ya zubar ya tafi har abada, kuma a tsakiyar rikici yake zubarwa. Ni ba na sa shi sai a na'urar da na ga tana wahala.

Akwai kuma abin da ko ka gyara duk na sama zai iya sake faruwa da kai, kuma mai yiwuwa ma shi ne ya faru ranar nan. Sau da yawa in intanet ya yanke, matsalar tana can gaba ne a wurin kamfanin da ke ba ku layi. Kebul ɗin da ke tsakanin rautarka da na'urarsu yana nan lafiya, fot yana sama, saboda haka babu saƙon da za a rubuta a kowane mataki. In ba BGP kuke yi da su ba, rautar ba ta ma san an yanke ba. Maganinsa shi ne ka sa ta riƙa gwada wani adireshi na waje da IP SLA, ka ɗaura track, mai bin sakamakon gwajin, a kai. In gwajin ya gaza, saƙon sauyin track zai fito a mataki na 5 ko 6 gwargwadon sigar manhajar, sai ka sa shi cikin jerin sunayenka. A MikroTik, Netwatch ke wannan aikin.

Wani abin kuma, in imel ɗinka a waje yake, ta wace hanya saƙon "intanet ya yanke" zai fita ya same ka? Ta layin da ya yanke. Dole faɗakarwar layin intanet ta samu wata kafa: ƙaramin modem mai layin waya a jikin sabar da zai turo tes, ko wata hidimar sa ido daga waje da ke gwada adireshinku ta sanar da kai in ya daina amsawa. Wannan ne ma dalilin da ban cika son imel kai tsaye daga na'ura ba, duk da cewa ASA da MikroTik suna iya yi. Ga ƙaramin wuri mai na'ura ɗaya ba laifi, a kan critical kawai. Amma na'urar ba ta tara saƙonni masu kama da juna, ba ta jira, kuma in ita ce ta mutu babu mai aikawa.

Wannan na ƙarshen shi ne iyakar sislog baki ɗaya. Na'urar da wuta ta ɗauke mata ba ta sallama. Shirun rijista na iya nufin komai lafiya, yana iya nufin suwic ya mutu tun jiya. Saboda haka sislog shi kaɗai ba ya isa sa ido. Sai an haɗa da manhajar da ke zuwa tana tambayar na'urorin da kanta ta ping da SNMP duk minti ɗaya ko biyar, irin su Zabbix ko LibreNMS. Ita ce kuma za ta nuna maka abin da rijista ba ta cika faɗa ba sai ya yi muni, kamar layin da ke cika a hankali ko zafin na'ura da ke hawa. In za ka yi amfani da saƙonnin SNMP da na'ura ke turowa da kanta a fot 162, ka zaɓi inform a kan trap inda ya samu, domin inform yana jiran amsa ya sake turawa in bai ji ba, kuma ka yi da siga ta 3 mai tantancewa da ɓoye bayani. Ƙara doka ɗaya a sabar: duk na'urar da ta yi kwana guda ba ta turo ko layi ɗaya ba, a sanar.

Game da tsawon ajiya, in kuna hulɗa da katin biyan kuɗi, ƙa'idar PCI DSS ta ce wata 12, uku na baya-bayan nan kuma su kasance a hannu nan take. In babu dokar da ta ɗaure ku, wata uku zuwa shida ya wadatar wa yawancin ofisoshi, don rubutu ne kuma yana matsuwa sosai. Ka dai sa a riƙa juya fayilolin ana share tsofaffi, kada faifai ya cika.

Debug kuma, in buƙatarsa ta taso, ka kunna na abin da kake bincike kaɗai, ka karanta shi daga ma'ajiyar ciki, ka kashe da undebug all da zarar ka gama. Kada ka kuskura ka rubuta debug all a na'urar da ke aiki. Tana iya sanƙarewa har sai an cire mata wuta.

Bayan ka gama saiti, kada ka jira matsala ta gwada maka shi. A IOS, send log 2 gwaji zai ƙirƙiri saƙon mataki na 2. A MikroTik, :log warning "gwaji". Bi shi ka gani: ya shiga ma'ajiya, ya isa saba, ya fito a wayarka, kuma cikin daƙiƙa nawa. Sannan a lokacin da ba a aiki, ka cire kebul ɗin layin intanet ɗin da hannunka na minti uku, ka ga ko labari zai same ka ta kafa ta biyu. In saƙo bai iso saba ba, show logging yana nuna adadin layukan da aka tura wa kowane adireshi. In adadin na ƙaruwa amma saba ba ta ganin komai, matsalar tana hanya ko a sabar kanta: galibi katangar tsaron sabar ce ba a buɗe wa UDP 514 ba, ko manhajar rsyslog ba a kunna mata sauraron netwok ba, don ba ta zuwa da shi a kunne.

Jerin sunayen da na ba ka mafari ne. Bayan mako biyu sabar na tara saƙonni a mataki na 6, ka sa ta ƙirga maka sunaye goma da suka fi yawa. Kowanne ka tambayi kanka ko hayaniya ce da za a kashe daga tushe, ko wata matsala ce da ta daɗe tana magana ba a ji ba. %CDP-4-NATIVE_VLAN_MISMATCH da %CDP-4-DUPLEX_MISMATCH suna yawan fitowa a irin wannan ƙirgen, suna maimaita kansu ba dare ba rana, kuma su ba kashe su ake yi ba: saitin fot biyu ne da suka saɓa wa juna, in ka daidaita su saƙon zai daina zuwa da kansa.